Kwana Biyar Sun Isa: Yadda Ake Amfani da Sitiroyid Idan Ciwon Toshewar Huhu Ya Tashi

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Kano da Damagaram da Maiduguri da Sakkwato. Yawancin jama'a kukansu bai wuce sanyi da kaushi da mura ba. Amma akwai waɗanda wannan lokaci ke zame musu tashin hankali na gaske: dattijon da ya shafe shekara talatin yana busa taba, da tsohuwar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a gindin murhu cikin hayaƙin itace da kara, da wanda ya warke daga tarin fuka amma huhunsa bai koma daidai ba. Su dama kullum numfashinsu a takure yake. Mura ɗaya ko yinin hazo ɗaya ya isa ya jefa su halin da sai an kwashe su zuwa asibiti.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan larura ya san yadda abin ke zuwa. Tarin da aka saba ji ya ƙaru. Kakin da yake fari ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa ko kore. Da dare kwanciya ta gagara. Sai ka gan shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗu na ɗagawa suna sauka, ya tsuke leɓɓa yana fitar da iska a hankali, ƙirji na kuka. Ka ce masa, "Baba, yaya jikin?" amsar ma sai ya raba ta gida biyu saboda haki.

A irin wannan hali, cikin magungunan da likita zai rubuta da wuya a rasa sitiroyid. Magani ne mai arha, mai aiki da sauri, kuma ana samunsa har a ƙauye. Wannan sauƙin samu shi ne alherinsa, shi ne kuma hatsarinsa. Likitocin huhu sun kwashe shekaru suna gwaji don gano nawa ya kamata a bayar, ta wace hanya, kuma na tsawon wane lokaci. Amsar da suka samu ta bai wa mutane da yawa mamaki: ƙwayar haɗiya, a ma'auni matsakaici, na kwana biyar, ta wadatar ga mafi yawan marasa lafiya. Abin da ya haura haka yawanci illa yake ƙarawa, ba sauƙi ba.

Wane ciwo ne, kuma me ke tayar da shi?

Ciwon toshewar huhu mai daɗewa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da COPD, larura ce da hanyoyin iska na cikin huhu ke ƙuntata, 'yan jakunkunan iskar da ke ƙarshensu kuma su lalace. Iska ta shiga, fita ta yi mata wuya. Ya bambanta da asma, domin mai asma yakan samu lokutan da numfashinsa ke komawa garau, shi kuwa wannan toshewar ba ta buɗewa gaba ɗaya. Ana tabbatar da shi ne da gwajin busa iska cikin na'ura: idan abin da mutum ya iya fitarwa a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 cikin ɗari na duk iskar da ya busa ba, ko bayan an ba shi maganin buɗe ƙirji, to akwai toshewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, abin da ya sa ya zama na huɗu cikin manyan sanadin mutuwa a duniya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda yake kashewa kafin su kai shekara 70 suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. A ƙasashe masu arziki taba ce ke haddasa sama da kashi 70 cikin ɗari na ciwon. A irin ƙasashenmu kuwa taba na da kashi 30 zuwa 40 ne, hayaƙin girki na cikin gida yana da babban kaso a sauran. Shi ya sa ake samun mace da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba amma huhunta ya toshe. Wani bincike da aka yi a Ile-Ife, aka wallafa a 2016, ya tarar da toshewar hanyoyin iska a kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan da suka kai shekara 40 da aka gwada.

Tashin ciwon shi ne lokacin da haki da tari da kaki suka ƙaru fiye da na kullum cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan lokuta ƙwayar cutar mura ce ke kunna shi, wani lokaci bakteriya, wani lokaci ƙura da hayaƙi. Bangon hanyoyin iska ya kumbura, majina ta taru, tsokar da ke zagaye da hanyoyin ta matse. Kowane tashi mai tsanani yana barin tabo: ƙarfin huhu na raguwa, kuma wanda ciwonsa ya tashi sau ɗaya ya fi kusa da sake tashi. Don haka ne ake ɗaukar maganin waɗannan kwanaki da muhimmanci ƙwarai.

Abin da sitiroyid ke yi a jiki

Sitiroyid ɗin da ake magana a kai ba irin wanda masu ɗaga ƙarfe ke sha don gina ƙwanji ba ne. Wannan kwaikwayo ne na sinadarin kotisol, wanda wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda ke samarwa, aikinsa kuma ya haɗa da kwantar da kumburi da daidaita suga da hawan jini. A 1948 aka fara gwada kotison, wani nau'in wannan sitiroyid, a kan mai ciwon gaɓɓai a asibitin Mayo da ke Amurka, sakamakon kuma ya girgiza duniyar likitanci har aka ba Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel a 1950. Zuwa 1955 an fito da firednison da firednisolon, waɗanda har yau su ne aka fi amfani da su.

Dukansu dangi ɗaya ne, ƙarfi ne ya bambanta. Miligiram 40 na firednisolon daidai yake da miligiram 160 na haidirokotison, ko 32 na metilfirednisolon, ko 6 kacal na deksametason. Wannan lissafi yana da amfani ga mai jinya, domin ƙanƙantar ƙwaya ba ta nuna ƙarancin ƙarfinta.

Idan aka ba da shi lokacin da ciwon ya tashi, yana rage kumburin hanyoyin iska, numfashi ya dawo da wuri, a rage kwanakin asibiti, a kuma rage yiwuwar ciwon ya sake dawowa cikin makonnin farko. Masana na ƙungiyar Cochrane, da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, sun ƙiyasta a 2014 cewa cikin kowane mutum 9 da aka bai wa maganin, an ceci ɗaya daga komawa asibiti ko buƙatar ƙarin magani. Amma sun kuma tarar cewa cikin kowane mutum 6, ɗaya zai gamu da wata illa da ba don maganin ba da bai gamu da ita ba. Kuma ba su ga shaidar cewa yana rage yawan mace-mace ba. Ke nan magani ne na gaggauta samun sauƙi, mai amfani na zahiri amma mai iyaka. Ba ya gyara huhun da ya riga ya lalace.

Daga mako takwas zuwa kwana biyar

A da, likitoci kan ba da sitiroyid mai yawa na tsawon makonni, bisa tunanin cewa ciwo mai tsanani sai magani mai yawa. Gwajin da ya fara karya wannan tunani an yi shi ne a asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dennis Niewoehner, aka wallafa a 1999. An raba marasa lafiya 271 gida uku: wasu suka sha sitiroyid na mako takwas, wasu na mako biyu, wasu kuma aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Waɗanda suka samu sitiroyid sun fi saurin murmurewa, sun kuma bar asibiti da kimanin kwana ɗaya kafin sauran. Cikin wata na farko magani ya gaza ga kashi 23 cikin ɗari nasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 33. Amma masu mako takwas ba su fi masu mako biyu da komai ba. Bayan wata shida kuma bambancin da ke tsakanin masu sitiroyid da marasa shi ya ɓace.

A wannan gwaji an fara ne da allurar metilfirednisolon miligiram 125 duk bayan awa shida har kwana uku, wanda ya ninka abin da ake bayarwa yau fiye da sau goma sha biyar. A shekarar dai, likitoci a Libaful ta Ingila suka nuna cewa ƙwayar firednisolon miligiram 30 a rana na mako biyu ita ma tana rage zaman asibiti. A 2003 kuma, Shawn Aaron da abokan aikinsa a Kanada suka gwada miligiram 40 na kwana goma ga waɗanda aka duba a sashen gaggawa aka sallame su gida. Cikin wata ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na masu shan maganin, da kashi 43 na waɗanda ba su sha ba.

Sai babban gwajin da ya sauya littattafan likitanci, wanda ake kira REDUCE. An yi shi a asibitoci biyar na ƙasar Suwizalan, Jörg Leuppi ya jagoranta, aka wallafa a 2013. Marasa lafiya 314, yawancinsu ciwon ya kai ga kwanciya, aka ba rabinsu miligiram 40 a rana na kwana 5, rabi na kwana 14, sannan aka bibiye su wata shida. A kowane ɓangare, ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku ne ciwonsu ya sake tashi. Ba a ga bambanci a mace-mace ko ƙarfin huhu ba. Bambancin da aka gani shi ne yawan maganin da ya shiga jiki a tsawon wata shidan, har da wanda aka ƙara bayarwa daga baya: jimillar miligiram 379 ga masu gajeren zango, 793 ga masu dogon zango.

Tun daga lokacin, kwamitin GOLD, wanda ke fitar da ƙa'idojin kula da wannan ciwo a duniya duk shekara, ya tsaya a kan firednison miligiram 40 a rana na kwana biyar. Hukumar NICE ta Birtaniya kuma ta tsaya a kan firednisolon miligiram 30 na kwana biyar. A aikace, da yake ƙwayar da aka fi samu a nan mai miligiram 5 ce, hakan na nufin ƙwaya shida zuwa takwas a haɗiye lokaci guda, da safe bayan karin kumallo. Mai jinya ya ga ƙwayoyi takwas a tafin hannun mahaifiyarsa sai gabansa ya faɗi, ya rage su zuwa biyu, ko ya rarraba su safe da rana da dare. Duka biyun kuskure ne. Ragewa na hana maganin aiki, shan sa da dare kuma na hana barci. Bayan kwana biyar ana tsayawa ne kai tsaye, ba sai an bi da ragewa a hankali ba, matuƙar mutum ba dama can yana kan sitiroyid ba ne.

Ƙwaya, allura ko shaƙa?

"Likita, a yi masa allura mana, ta fi ƙarfi." Babu ma'aikacin lafiya a ƙasar Hausa da bai saba jin wannan roƙo ba. Mutanenmu na ganin idan ba a ɗaura ruwa ko an soka allura ba, to ba a ɗauki ciwon da muhimmanci ba. Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Wani nazari da aka wallafa a 2010, wanda ya duba bayanan marasa lafiya kusan dubu 80 a asibitoci 414 na Amurka, ya tarar cewa kashi 92 cikin ɗari an fara musu ne da allurar jijiya mai yawan magani, alhali waɗanda aka bai wa ƙwaya a ƙaramin ma'auni ba su gaza su samun sauƙi ba.

Dalilin a fili yake. Firednisolon na cikin magungunan da hanji ke tsotsewa kusan gaba ɗaya, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya kai ƙololuwarsa a jini. A ƙasar Holan an gwada abin kai tsaye, aka wallafa a 2007: ma'auni ɗaya na firednisolon, wasu ta jijiya, wasu ta baki, ba a ga bambanci ba. Saboda haka allura tana da gurbinta ne ga wanda ke amai, ko wanda ba ya iya haɗiya, ko wanda hankalinsa ya gushe, ko wanda ke ɗakin kulawa ta musamman. Da zarar ya iya haɗiya sai a mayar da shi kan ƙwaya. Ƙwayar ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma ba ta buƙatar a huda jijiya.

Hanya ta uku ita ce shaƙar budesonayid ta na'urar da ke mayar da ruwan magani tururi. François Maltais da abokan aikinsa sun gwada shi a kan mutum 199, aka wallafa a 2002: miligiram 2 duk bayan awa shida ya buɗe numfashi kusan yadda ƙwaya ta yi, kuma bai tayar da suga kamar ƙwayar ba. Wannan zaɓi ne mai kyau ga mai ciwon suga da ciwon nasa bai yi tsanani sosai ba. Matsalarsa tsada, ga shi kuma sai da na'ura da wutar lantarki. Kada a haɗa shi da ƙaramin maganin shaƙa mai sitiroyid da wasu ke amfani da shi kullum a gida. Wancan na rigakafi ne, ƙara yawan shaƙarsa ba ya maye gurbin ƙwaya idan ciwo ya tashi.

Ba kowa ne ke amfana daidai ba

Tambayar da masana ke yi yanzu ta wuce ta yawan kwanaki, ta koma kan wa ya kamata a bai wa tun farko. Kumburin huhu iri-iri ne. A jinin wasu marasa lafiya akwai yawan wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, kuma irin kumburin da waɗannan ƙwayoyi ke kawowa shi ne ya fi jin sitiroyid. Ana ganin adadinsu a gwajin jini na gama-gari da ake yi a kusan kowane babban asibiti.

Farfesa Mona Bafadhel ta Birtaniya ce ta fara nuna a 2012 cewa za a iya hana sitiroyid ga waɗanda iyosinofil ɗinsu bai haura kashi 2 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin jini ba, ba tare da sun cutu ba. A 2019 likitoci a Denmak suka gwada wannan a kan mutum 318 da aka kwantar. Kowa ya samu maganin a ranar farko. Daga nan rabinsu ana duba jininsu kullum, ba a ba su sai ranar da adadin ya kai 300 a kowace mikirolita. Waɗannan sun sha maganin na kimanin kwana biyu maimakon biyar, sun warke daidai da sauran, masu ciwon suga a cikinsu kuma sugansu bai rikice kamar na ɗaya ɓangaren ba.

A ƙarshen 2024 an wallafa wani gwaji daga Ingila inda aka yi wa masu yawan iyosinofil allura ɗaya ta wani sabon magani, benralizumab, lokacin da asma ko toshewar huhunsu ta tashi. Cikin kwana 90 magani ya gaza ga kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar, da kashi 74 na masu shan firednisolon kaɗai. Gwajin ƙarami ne, mutum 158, maganin kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Amma ya nuna inda aka dosa: a san irin kumburin kafin a zaɓi magani. A nan gida akwai abin lura guda, wato tsutsar ciki ma tana ɗaga adadin iyosinofil, don haka fassara sakamakon aikin likita ne.

Illolin da ke biyo baya

Ruwan kashe gobara ne sitiroyid: a zuba daidai wuta ta mutu, a ci gaba da kwarara ɗakin ƙasa ya zube. Ko a cikin kwana biyar ɗin akwai abubuwan da ake sa wa ido. Na farko suga, wanda kan hau musamman da rana zuwa yamma, har ga wanda bai san yana da ciwon ba. Mai ciwon suga ya riƙa gwadawa kullum, ya kuma gaya wa likita tun kafin a rubuta. Akwai rashin barci, saurin fushi, wani lokaci ruɗewa ga tsofaffi. Akwai hawan jini da kumburin ƙafa. Haɗa shi da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen kuma na ƙara hatsarin gyambon ciki da zubar jini.

Wani babban nazari daga Amurka, da aka wallafa a 2017 bisa bayanan manya miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa cikin kwana 30 da fara gajeren zangon sitiroyid, hatsarin shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ya ninka kusan sau biyar, na daskarewar jini a jijiya sau uku, na karaya kusan sau biyu. Waɗannan abubuwa ba kasafai suke faruwa ba, amma sun isa su nuna cewa ko gajeren zango ba abin wasa ba ne. Idan kuwa ana maimaitawa sau da yawa a shekara, ko aka mayar da shi abin sha kullum, sai ƙashi ya yi laushi, yanar ido ta rufe gani, fata ta yi siriri, fuska ta kumbura, tsokar cinya ta narke, garkuwar jiki ta yi rauni. Raunin tsoka ya fi cutar da mai ciwon huhu, domin da tsoka yake jan numfashi.

Akwai hatsari biyu da suka fi shafar yankinmu. Na farko tarin fuka. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, alamunta kuma na kama da tashin ciwon huhu. Wanda ke da tarin fuka a ɓoye, idan aka yi ta ɗura masa sitiroyid ba tare da maganin tarin ba, zai ji daɗi na 'yan kwanaki yayin da cutar ke cin huhunsa. Duk wanda ke da rama, zufar dare, zazzaɓin yamma ko jini a kaki, a gwada kakinsa. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda kuma yake kan maganin tarin fuka ya sanar da likita, domin rifamfisin na sa hanta ta narkar da firednisolon da sauri. Na biyu wata ƙaramar tsutsar ciki ce mai suna sitironjiloyid, da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasa mai danshi, ta zauna shekaru a jiki shiru. Sitiroyid na iya sa ta hayayyafa ta bazu har huhu da jini. Ana maganinta da ibamektin.

Sai babbar matsalar da ke gaban idon kowa. A kemis da yawa, har da teburan masu tallar magani a kasuwa da tasha, ana sayar da deksametason da firednisolon ba tare da takardar likita ba. 'Yan mata na shan deksa don ƙiba, masu ciwon gaɓɓai na sha don sanyin ƙashi. Mai ciwon huhu da ya taɓa jin daɗinsa a asibiti sai ya riƙe sunan, duk ranar da ƙirji ya ɗaure ya aiki yaro da kwalin: "Ka ce a ba ka irin wannan." Wata ya bi wata, shekara ta zagayo. Idan mutum ya wuce mako uku yana sha, jikinsa kan rage samar da nasa kotisol ɗin. Ranar da kuɗi suka yanke ya daina farat ɗaya, sai kasala da amai da faɗuwar jini, abin da kan iya kai wa ga rasa rai. Wanda ya tsinci kansa a wannan hali kada ya yanke da kansa, ya je a tsara masa yadda zai rage sannu a hankali.

Sauran abokan tafiya

Sitiroyid ba shi ne matakin farko ba. Abin da ake fara bayarwa shi ne maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska nan take, wato salbutamol, shi kaɗai ko tare da ifiratirofiyom. Idan tashin ƙarami ne, wannan kaɗai kan wadatar. Sitiroyid na shigowa ne idan hakin ya hana mutum harkokinsa na yau da kullum ko ya kai shi asibiti.

Maganin kashe bakteriya shi ma ba kowa ke buƙata ba. Tun 1987 Nicholas Anthonisen a Kanada ya fitar da alamu uku da har yau ake aiki da su: ƙaruwar haki, ƙaruwar yawan kaki, da sauyin launinsa zuwa ruwan ɗorawa ko kore. Wanda ke da duka ukun, ko biyu da suka haɗa da sauyin launi, shi ne ya fi amfana, kuma kimanin kwana biyar ake bayarwa.

Iskar oksijin ma da ma'auninta. Ga masu wannan ciwo ana so na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna tsakanin 88 da 92, ba 100 ba, domin yawan oksijin na sa gurɓatacciyar iska ta taru a jininsu har su suma. A wani gwaji da aka yi cikin motocin ɗaukar marasa lafiya a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, aka wallafa a 2010, kashi 9 cikin ɗari na waɗanda aka buɗe wa iskar sosai sun rasu, waɗanda aka auna musu kuwa kashi 4. Don haka ɗan jinya kada ya murɗa kan tukunyar iska don tausayi.

Haka nan ba kowane haki ne tashin ciwon huhu ba. Ciwon zuciya, limoniya, gudan jini a huhu da fashewar huhu duk suna zuwa da kama ɗaya, kuma sitiroyid ba ya maganin ko ɗaya. Idan leɓɓa ko farce suka sauya launi, ko mutum ya fara ruɗewa da yawan gyangyaɗi, ko ya kasa haɗa jimla, ko ƙirji na suka, ko maganin shaƙa ya daina aiki, babu batun jira sai gari ya waye.

Bayan an samu sauƙi

Mafi kyawun hanyar rage shan sitiroyid ita ce rage yawan tashin ciwon. Barin taba shi ne kan gaba, kuma yana da amfani ko a wace shekara aka bari. Mai girki ta fitar da murhu fili ko inda iska ke ratsawa, a yi amfani da busasshen itace, a koma gas idan da hali. Ranar hazo a rage fita, a sa takunkumi. A yi allurar rigakafin mura da limoniya inda ake samu. A riƙa amfani da maganin shaƙa na kullum yadda aka tsara, a kuma nemi ma'aikacin lafiya ya duba ko ana shaƙarsa daidai, domin da yawa maganin a baki yake tsayawa. Tafiya a ƙasa da motsa jiki da aka fara cikin makonni huɗu bayan sallama na rage komawa asibiti. Zaman wuri ɗaya saboda tsoron haki yana ƙara hakin ne.

Akwai nauyi a kan hukumomi ma. Na'urar gwajin busa iska ba ta cika samuwa ba sai a manyan asibitoci, shi ya sa ake yi wa mutane da yawa maganin asma ko tarin fuka shekara da shekaru ba a san ainihin abin da ke damunsu ba. Maganin shaƙa ya fi ƙarfin aljihun talaka, ƙwayar sitiroyid kuwa kuɗinta kaɗan ne. Muddin haka lamarin yake, mutane za su ci gaba da zaɓar mai arha ko da yana cin ƙashinsu. Sauƙaƙa farashin maganin shaƙa da tsaurara dokar sayar da sitiroyid dole su tafi tare.

Ga mai karatu da ke da uba ko uwa ko miji mai wannan larura, ga abin da ya kamata a riƙe. Idan likita ya rubuta sitiroyid, a tambaye shi abu uku: nawa za a sha, kwana nawa, kuma me za a sa wa ido. A gaya masa idan akwai ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki ko tarihin tarin fuka. A rubuta ranar farawa da ranar gamawa a jikin kwalin, a kuma ajiye lissafin sau nawa aka sha a shekara. Idan ya kai sau biyu ko fiye, maganin kullum ne ke buƙatar gyara, sai a koma asibiti a sake duba shi. Kada a karɓo sitiroyid a kemis ba da takardar likita ba, kada kuma a ba wani ragowar na wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.